Kulob ɗin dashen itace zai iya kai mutum ga koyar da ilimin gandun daji?

Ƙanina na ga tambayarka. Ka ce shekararka 17, shekara 3 kenan kana cikin kulob ɗin matasa masu dashen itatuwa, kuma abin da ranka yake so shine wata rana ka zama mai koyar da ilimin gandun daji, amma a gida ana ce maka wannan kulob wasan yara ne, ka bar shi ka kama littafi. Kana so ka sani ko kulob yana kai mutum wani waje ko kuwa ɓata lokaci kake yi.

To yana kaiwa. Ni kaina ta nan na bi, kuma yau sama da shekara 20 ina koyar da wannan fanni. Amma kulob shi kaɗai ba zai kai ka ba, kuma ba kowane kulob bane, sannan mutanen gidanku ma suna da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, zan zo kan wannan.

Bari mu fara raba abu biyu da mutane suke haɗawa. Idan aka ce malamin daji yawanci abin da ake nufi shine ma'aikacin da yake kula da gandu, mai sintiri, mai ba da izinin sara, mai kama wanda yayi sara babu izini. Kai kuma wanda kake nufi shine wanda ya koyar da shi wannan malamin dajin, mai tsayawa gaban ɗalibai a aji da kuma cikin daji. Aiki biyu ne, amma na biyun baya yiwuwa da kyau sai ka ɗanɗani na farkon ko wani abu mai kama da shi, domin ɗalibi yana gane malamin da bai taɓa kwana da damuwar dashensa ba, wallahi cikin sati ɗaya suke ganewa.

Ni ma haka nake gane su. Duk shekara idan sabbin ɗalibai suka zo ranar farko da zamu shiga wajen renon dashe nakan ce kowa ya ɗauko min dashe guda ɗaya. Mafi yawa sai su kama wuyan tsiron su ɗago shi kamar an kama kaza, ƙasar cikin ledar ta tsage saiwa ta motsa. Amma akwai mutum biyu ko uku da zasu sa hannu a ƙarƙashin ledar su tallafo ta, wani ma sai ya fara leƙa gindin ya ga ko saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa kafin ya ɗaga. Idan na tambaye su kusan kullum amsar ɗaya ce, sun yi kulob ko sikawut ko sun taso suna taya wani mai reno aiki. Waɗannan ɗin idan nazo bayani akan dalilin da yasa ake jan ledoji ana canza musu wuri lokaci lokaci don a datse saiwar da ta fito, basa buƙatar dogon bayani, sun riga sun ga dashen da aka bari ya kama ƙasa, aka zo aka fizge shi ranar dasawa ya yi yaushi ya mutu. Karatun sai ya zama suna ne kawai ake sa wa abin da hannunsu ya riga ya sani.

Kuma wannan ba sabon abu bane, asalin koyar da fannin ma haka ya faro. Heinrich Cotta wanda ake lissafawa cikin iyayen wannan ilimi a Jamus, ya fara ne da tara samari yana koya musu aiki a cikin daji a garin Zillbach, daga baya a 1811 ya koma Tharandt da makarantarsa, a 1816 ta zama makarantar gwamnati. Faransa ta buɗe tata a Nancy a 1824. A Amurka ma makarantar farko ta wannan fanni, wadda Carl Schenck ya buɗe a Biltmore a 1898, an san ta ne da yawan shiga daji da ɗalibai. Kaga kenan tun farko itace ake fara nuna wa mutum kafin allo.

Su kuma ƙungiyoyin matasa akwai waɗanda aka gina su takanas don su zama tsani. A Amurka akwai 4-H, wadda tushenta ya faro wajen 1902 da ƙananan kulob na yaran karkara, H ɗin guda huɗu a Turanci suna nufin kai da zuciya da hannuwa da lafiya, kuma duk tsarinsu akan koyo ta hanyar yi yake, har gasar ƙasa ta ilimin gandun daji suke da ita. Akwai kuma FFA, ƙungiyar matasa masu koyon noma ta Amurka, da aka kafa a 1928 wadda take haɗe da darasin noma na makarantun sakandare, gasarsu ta gandun daji ta ƙunshi gane itatuwa da auna yawan katako da aiki da kamfas da karanta taswira, kuma sananne ne a can cewa da yawa daga malaman noma na sakandare tsofaffin 'yan ƙungiyar ne da suka dawo suka zama masu jagorantarta. A Kanada akwai Junior Forest Wardens da ta faro a 1930 a yankin British Columbia, da farko aikin yaran shine sa ido akan gobarar daji. A Kenya ɗalibai ne da kansu suka assasa Wildlife Clubs of Kenya, kulob na kula da namun daji, a 1968. Sikawut kuma da Baden-Powell ya fara a 1907 kusan ko'ina a duniya akwai shi, kuma zango da kamfas da sanin itace suna cikin aikinsu. Ban kawo maka waɗannan sunaye don ka raina naku kulob ɗin ba, ƙila naku bashi da ko riga, ba komai, abin da yake aiki a cikinsu duka ɗaya ne kuma shi nake so ka riƙe.

Abin shine kulob yana sa ka koyar tun kafin wani ya baka takardar koyarwa. A makaranta kai ɗalibi ne daga shiga har fita. A kulob kuwa da zaran ka shekara biyu an kawo sabbi, ƙanana da kai, kuma babu wanda zai nuna musu yadda ake cika leda sai kai. Ranar da ka tsaya gaban yara 10 'yan shekara 12 kana ƙoƙarin bayyana musu dalilin da yasa ba'a tula wa tsiro ruwa safe da rana da yamma, suna kallonka basu gane ba, ka sake ta wata hanya, ka sake, har ka je ka ciro musu ƙaramin tsiron da gindinsa ya ruɓe ya kwanta saboda yawan laima ka ce ku taɓa nan ku ji, to a ranar ka fara aikin malanta. Ni akwai mutane masu digiri na biyu da na gani sun san fannin ciki da bai amma idan suka tsaya gaban aji sai su yi ta karanta takarda, domin basu taɓa samun inda zasu yi kuskuren bayani gaban yara su gyara ba. Kai kana da wannan filin kyauta yanzu, kuma shekara 3 da kayi ya isa ace kana da ƙananan da suke hannunka. Idan babu, je ka samu mai kula da kulob ɗinku ka ce a baka sabbi guda 5 ko 6 su zama naka.

To me zaka koya, me zaka koyar?

Ka fara da reno domin shine uwa. Ka san lokacin da kowane itace da ke kusa da kai yake zubar da iri, ka san irin da zaka shuka kai tsaye da wanda ɓawonsa yake da tauri sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare gefensa kafin ya tsiro, irinsu gawo da bagaruwa, sannan ka san wanda baya jure ajiya kamar darbejiya wanda in ka bar shi 'yan watanni ƙarfin tsirowarsa ya tafi. Akwai gwaji mai sauƙi da nake so duk ɗan kulob ya iya, ka ƙirga iri 100 ka shuka a waje ɗaya ka rubuta ranar, kullum ka ƙirga nawa suka fito. Idan 62 suka tsiro to ka san kashi 62 cikin 100 kenan, kuma idan ana son dashe 500 ka san yawan irin da zaka nema. Ka raba wani 100 ɗin ka jiƙa, wani 100 ka bar shi haka, ka kwatanta. Wannan da kake gani ƙaramin abu shine ainihin binciken da ake yi a jami'a, bambancin kawai su suna maimaitawa sau da yawa su sa lissafi a kai. Sannan ka koyi horar da dashe kafin a fitar da shi, wato a rage masa ruwa da inuwa a hankali na 'yan makonni don kada ya fita daga gata ya faɗa rana kai tsaye.

Sai awo. A nan ne yawancin kulob suke da rauni, kowa yana son dasawa babu mai son aunawa, alhali ilimin gandun daji rabinsa awo ne. Kaurin itace ana auna shi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wajen ƙirjin babban mutum, kusan duk duniya haka ake yi don awon wani ya yi daidai da na wani. Baka buƙatar wani kayan aiki mai tsada, tef ɗin tela ya isa, ka zagaye gangar itacen ka raba abin da ka samu da 3.14 ka sami faɗinsa, in zagayen santimita 94 ne to faɗin kusan 30 kenan. Tsayi kuma sanda ta isa. Ka samu sanda, ka riƙe ta a tsaye ka miƙe hannunka yadda tsawon da ya rage sama da hannunka ya yi daidai da nisan da ke tsakanin idonka da hannun, ka yi ta ja da baya har kan sandar ya daidaita da kan itacen, hannunka kuma da gindinsa, nisan da ke tsakaninka da itacen shine kusan tsayinsa in dai ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Yara suna son wannan sosai, kuma daga nan zaka iya shigar musu da lissafin kusurwa ba tare da sun ji tsoro ba. Daga nan ka koyi yanka fili na gwaji, mita 20 sau 20, wato murabba'in mita 400, ka ƙirga duk itacen ciki ka auna su, ka ninka da 25 ka sami kiyasin hekta ɗaya tunda hekta murabba'in mita 10,000 ce. Fili ɗaya baya isa, sai ka yi da yawa a warwatse kuma kada ka zaɓi inda yafi kyau kawai, nan ne mutane suke yaudarar kansu. Wanda ya iya wannan tun yana sakandare idan yazo darasin awon daji a kwaleji hutawa yake yi, kuma shi ne abokansa suke zagayewa da daddare ya sake musu bayani, kaga malanta ta ci gaba kenan.

Na uku, kuma dan Allah wannan kada ka yi wasa da shi, ka sayi littafi mai kauri ka riƙa rubuta komai. Ranar da aka shuka, irin me, nawa suka tsiro, ranar da aka dasa, a ina, nawa. Sannan bayan shekara guda ka koma ka ƙirga nawa suke raye, ka rubuta dalilin mutuwar waɗanda suka mutu in ka gano, dabbobi ne ko gara ko rashin ruwa ko wuta ko an dasa a makare. Na zauna a intabiyu na ɗaukar ɗalibai da na ɗaukar ƙananan malamai ba sau ɗaya ba, kowa zai ce maka yana son muhalli, kowa ya dasa dubban itatuwa a bakinsa. Amma yaron da ya buɗe littafi ya ce mun dasa 300, bayan shekara ɗaya, 140 suka rage, yawanci awaki ne, shekara ta biyu muka sake dashe muka yi shinge, 230 suka rayu, wannan yaron ko makinsa bai kai na wasu ba hankalina yana kansa. Kuma littafin nan shine zai zama kayan darasinka na farko, misalan da zaka riƙa bayarwa a aji shekaru masu zuwa daga cikinsa zasu fito.

Yanzu gaskiyar mutanen gidanku. Babu makarantar da zata ɗauke ka koyarwa saboda ka yi kulob. Sai da takarda. Kuma ilimin gandun daji kimiyya ce, ana neman bayoloji da kemistiri da lissafi, jogirafi ma yana taimakawa sosai, in ka bari waɗannan suka zube saboda kana wajen ban ruwa to ka rufe wa kanka ƙofar da kulob ɗin yake so ya buɗe maka. Musamman lissafi, yara da yawa suna shigowa fannin suna zaton sun gudu daga lissafi ne sai su tarar da shi yana jiransu a awon katako da kididdiga, ga kuma aikin taswira na kwamfuta da hotunan tauraron ɗan adam da jirgi mara matuƙi da yanzu suka zama ruwan dare a aikin. Don haka idan jarrabawa ta matso ka rage kulob, ba laifi bane, dashe zai jira ka in ka bar shi hannun ƙananan da ka horar.

Hanyoyin kuma ba ɗaya bane kuma tsarin kowace ƙasa daban, sai ka bincika na inda kake. A dunƙule dai, in sakandare kake son koyarwa yawanci ba'a ware gandun daji a matsayin darasi shi kaɗai, yana cikin noma ko bayoloji ko ilimin muhalli, don haka zaka haɗa karatun fannin da takardar koyarwa. In kwalejin horar da ma'aikatan daji ce, difloma ko digiri tare da 'yan shekaru na aikin fili suna da daraja sosai a can, ni a ganina ma kada ka yi gaggawar shiga aji, ka yi ko shekara 2 ko 3 kana aiki a gandu ko wajen reno tukuna. Jami'a kuma sai digiri na biyu da na uku da bincike da wallafa. Akwai ta huɗu da mutane suke mantawa da ita, aikin wayar da kan manoma da al'umma, inda ajinka gona ce ɗalibanka kuma wasu sun haife ka, kuma gaskiya tsofaffin 'yan kulob sun fi kowa iya wannan domin sun saba magana da mutane ba da harshen littafi ba. Idan ka shiga jami'a ka nemi ƙungiyar ɗaliban sashenku, akwai ma ta duniya da ake kira IFSA wadda take haɗa ɗaliban wannan fanni daga ƙasashe da dama, kuma duk hutu ka koma tsohon kulob ɗinka ka koyar.

Wani amfanin kulob da ba'a cika faɗa ba shine mutane. Ma'aikacin dajin da kuke gayyata ya yi muku bayani, mai kula da wajen renon da kuke karɓar dashe, malamin da yake jagorantarku, waɗannan sune zasu rubuta maka takardar shaida, su zasu gaya maka an buɗe neman gurbi, su zasu karɓe ka aikin sanin makama. Kada ka je musu da roƙo, ka je da tambaya ta gaske daga littafinka, ka ce dashena ganyensa yana yin rawaya daga ƙasa me kake gani. Mai sana'a baya manta yaron da ya yi masa tambaya mai ma'ana.

Na ce ba kowane kulob ba, to bari in faɗa maka wanda nake nufi. Akwai kulob ɗin hoto. Ranar 21 ga Maris ta zo, ranar gandun daji ta duniya, a sa riga iri ɗaya a kira babban baƙo ya dasa guda ɗaya a tafa a watse, babu wanda zai sake komawa wajen. Wannan abin yana ci min rai ƙwarai domin yana koya wa yara cewa dasawa ita ce ƙarshen aiki alhali farkonsa ce. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya a rahotonta na 2020 ta kiyasta cewa daji ya rufe kusan kashi 31 cikin 100 na doron ƙasa, kimanin hekta biliyan 4, kuma tsakanin 2015 da 2020 ana sare wajen hekta miliyan 10 duk shekara. Ɓarna mai wannan girman ba biki ne zai gyara ta ba, mutanen da suka iya aikin ake buƙata da kuma waɗanda zasu koya musu. In ka duba ka ga naku kulob ɗin ya karkata can, ba sai ka fita ba, kai ka zama wanda zai ce mu koma mu ƙirga na bara.

Sannan in kana jagorantar ƙanana ka ɗauki lafiyarsu da muhimmanci tun yanzu domin wannan ma cikin malanta yake. Takalmi mai rufi, ruwan sha, a ƙirga kowa kafin shiga da bayan fita, iyaye su san inda aka je, babban mutum ya kasance tare da ku, adda a hannun wanda aka koya wa riƙe ta kawai, injin yankan itace kuwa ba na yara bane ko kusa.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye maka ba, koyarwa a wannan fanni ba hanyar arziki bace kuma guraben basu da yawa kamar na wasu darussa, wani lokaci zaka jira. Amma wanda ya iya reno da awo da taswira baya rasa abin yi kafin gurbin ya samu, ana nemansa a ayyukan dashe da kamfanonin katako da ƙungiyoyi masu zaman kansu, kuma duk shekarar da ka yi a can ƙari ce ga abin da zaka kawo aji.

Su kuma mutanen gida kada ka yi jayayya da su, tsoro suke ji maka kuma tsoron yana da tushe. Ka kawo musu sakamako mai kyau a bayoloji da lissafi wannan zangon, ka nuna musu littafin rekod ɗinka, in da hali ka roƙi malamin da ke kula da kulob ko wani ma'aikacin daji da ka sani ya zo ya gaishe su ya yi musu bayanin kwas ɗin da inda ake yinsa da aikin da ake samu bayansa, magana daga bakin babba ta fi shiga. In ka yi gwajin iri 100 ɗin nan ka rubuto min abin da ka samu da irin da ka yi amfani da shi, sai mu duba tare mu ga mataki na gaba. Allah ya yi maka jagora.